Yadda ake ɗaukar adboket ya tsaya wa yaronki mai buƙata ta musamman a makarantun Amurka

Idan kina zaune a Amurka, a Bronx ne ko duk inda Allah Ya ajiye ki, yaronki ya kai shekara huɗu magana ba ta fito sosai ba, ko yana aji uku har yanzu haɗa baƙi na ba shi wahala, ko kuma kullum sai makaranta ta kira ki kina tsakiyar aiki wai ki zo ki ɗauke shi ya hana aji zaman lafiya, to akwai mutanen da sana'arsu kenan su zauna kusa da ke a mitin ɗin makaranta su matsa lamba har a ba yaron abin da doka ta ce a ba shi. Adboket ake ce musu. Yawancinsu ba lauyoyi ba ne, wasu tsofaffin malaman ilimi na musamman ne da suka bar koyarwa, wasu kuma iyaye ne da suka sha wannan gwagwarmayar da nasu 'ya'yan har suka ƙware. Amma fa ki riƙe wannan tun daga farko: babu wani lasisin gwamnati da ake ba su. Kowa zai iya buga kati yau ya ce shi adboket ne gobe ya fara karɓar kuɗi. Shi ya sa tantancewar a wuyanki take, kuma ba za ki iya tantance mutum ba in ke kanki ba ki san komai kan abin da za ki ɗauke shi ya yi ba.

To bari mu fara da dokar, a taƙaice. Sunanta IDEA, asalinta tun 1975, aka canza mata suna a 1990 aka sake gyara ta a 2004. Abin da ta ce shi ne duk yaro mai naƙasa ko larura da ke shafar karatunsa, daga shekara 3 zuwa 21, dole makarantar gwamnati ta ba shi ilimin da ya dace da shi kyauta, kuma gwargwadon iko a cikin sauran yara ba a ware shi gefe ba. Rukuni 13 ta lissafa, akwai otizim (larurar da ke shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane), matsalar magana, matsalar ji da gani, matsalar koyon karatu irin su disleksiya da sauransu. Takardar da ake rubuta duk taimakon da yaro zai samu ita ce IEP, kuma abin da aka rubuta a ciki dole makaranta ta yi shi, ba alfarma ba ce. Akwai wata doka daban, Sashe na 504 na dokar 1973, wannan ta yaron da ba sai an canza masa salon koyarwa ba, sauƙi kawai yake buƙata, kamar ƙarin lokaci a jarabawa ko a zaunar da shi a gaba. Yaron da bai kai shekara 3 ba shi kuma shirinsa daban ne, na taimakon wuri, likitan yaranki zai iya tura ki ko ke da kanki ki kira. Sannan masu fargabar takardun zama, tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Plyler cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardu.

Mataki na farko ba ya buƙatar kowa, ke za ki yi. Ki rubuta wasiƙa ko imel zuwa ga shugaban makarantar da ofishin ilimi na musamman na distirik ɗinku, wato hukumar da ke kula da makarantun gwamnati na yankinku, ki sa kwanan wata, ki sa sunan yaro da ranar haihuwarsa da ajinsa, ki ce kina neman a yi masa cikakken gwaji don a ga ko yana buƙatar ilimi na musamman, ki faɗi abin da kike gani a layi uku ko huɗu. Shikenan. Kar ki tsaya faɗa wa malama a bakin ƙofa lokacin ɗaukar yara, za ta yi miki murmushi ta ce za ta duba, wata uku ya wuce ba a yi komai ba kuma ba ki da hujja. Daga ranar da kika sa hannu kin yarda a yi gwajin, dokar tarayya ta ba su kwana 60, sai dai in jiharku ta sa nata wa'adin. In gwaji ya nuna ya cancanta, cikin kwana 30 dole a zauna a rubuta IEP. Wani abu da ya shafe mu sosai mu masu Hausa a gida: doka ta ce a gwada yaro da harshen da zai fi nuna ainihin abin da ya sani, kuma ba a yanke cewa yaro na da larura don kawai Turancinsa bai nuna ba. Abin yana cin mu ta fuska biyu, wani yaron lafiyarsa ƙalau a liƙa masa larura, wani kuma yana da matsala ta gaske a yi ta ce miki ki bari Turanci ne bai kama ba, shekara biyu ta tafi a banza.

Na biyu ki tara takardu, kuma wannan shi zai rage miki kuɗi fiye da komai. Ki sayi babban fayil mai zobe, ki jera komai bisa kwanan wata: rifot kad, sakamakon jarabawa, wasiƙun likita, duk imel ɗin da kuka yi da malamai, takardar kora in an taɓa korarsa, da 'yan samfurin aikin gidansa. Ki rubuta wa makaranta kina son ganin duk fayil ɗin yaron, haƙƙinki ne, kuma ba za su wuce kwana 45 ba, in ma akwai mitin a gaba dole su ba ki kafin ranar. Ki ajiye ƙaramin littafi, duk ranar da suka kira ki ki rubuta wa ya kira, ƙarfe nawa, me ya ce. Mai caji da awa in kika kai masa takardu a cukurkuɗe cikin leda, awa biyun farko jera su zai yi, kuma ke za ki biya.

Kafin ki ciro ko dala ɗaya, ki fara buga ƙofofin kyauta. Kowace jiha tana da aƙalla cibiya ɗaya ta horar da iyaye da ba su bayani, PTI, Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ce ke ba su kuɗi, za su yi miki bayanin takardunki a waya, suna shirya bita, wasu lokutan har su taimaka ki shirya wa mitin. Kowace jiha kuma tana da hukumar kare haƙƙin masu naƙasa, da yawa sunansu na farawa da Disability Rights sai sunan jihar. A birnin New York akwai Advocates for Children of New York da INCLUDEnyc, duk suna da layin waya na iyaye. Gaskiya layi yana da tsawo a irin waɗannan wuraren, ba kowa suke iya raka wa ba, amma a ganina rabin iyayen da ke tunanin sai sun biya wani, abin da suke buƙata kawai wanda zai zauna da su awa ɗaya ya warware musu takardar. In kin gwada wannan kin je mitin ɗaya ko biyu har yanzu kina fitowa kanki a ɗaure, ko sun ƙi yin gwajin, ko shekara ta zagayo manufofin IEP ɗin ba su canza ba kamar an yi fotokwafi, ko an rubuta za a ba shi mai koyar da magana amma wata da watanni babu kowa, to lokacin ɗaukar mutum ya yi.

Sai ki tsaya ki bambance, adboket kike buƙata ko lauya. Adboket aikinsa karanta fayil, fassara miki rahoton gwaji, rubuta wasiƙu, shirya abin da za ku nema, da zama da ke a mitin. In magana ta kai ga shigar da ƙara gaban jami'in sauraron ƙorafi, ko kina so distirik ta biya wa yaron makarantar kuɗi ta musamman, ko an kore shi na dogon lokaci, nan lauya ya fi, don wasu jihohin ma ba sa barin wanda ba lauya ba ya wakilce ki a zaman shari'ar. Ga kuma batun kuɗi da mutane ba su sani ba: in kin yi nasara a shari'a kotu na iya sa distirik ta biya kuɗin lauyanki, amma a 2006 a shari'ar Arlington da Murphy Kotun Ƙoli ta ce wannan bai haɗa da kuɗin ƙwararru da masu ba da shawara ba. Ma'ana abin da kika ba adboket ya tafi kenan, kar wani ya ce miki za a dawo miki da shi.

Wajen nema, akwai ƙungiyar COPAA ta lauyoyi da adboket masu tsaya wa iyaye, suna da jerin sunaye jiha jiha a shafinsu, kuma suna da horo na musamman da ake kira SEAT. Kasancewa a jerin ba shaida ba ce cewa mutum gwani ne, amma wuri ne na farawa. Wanda ya fi shi shi ne bakin iyaye, ki tambayi matan da yaransu ke aji ɗaya da naki, ki tambayi mai yi wa yaron horon magana, ki tambayi likitan yara. Na san abin da ke hana mu wannan tambayar, ba ma so a ji, kar a kai labari gida a ce ɗan wance ba shi da lafiya ko a fara maganar iska da sammu. Addu'a ki yi ta, ba wanda ya hana, amma ɓoye yaro ba ya ƙara masa minti ɗaya na taimako, kuma shekarun ƙuruciyar nan su ne taimakon ya fi kamawa.

Ki samo mutum uku ki kira kowanne, da yawa suna ba da 'yan mintoci na farko kyauta. Ki tambaye shi wane horo ya yi kuma a ina, shekara nawa yana aikin, ya taɓa aiki da distirik ɗinku kuwa, don dokar tarayya ɗaya ce amma kowace jiha da nata ƙarin, ko sunan kwamitin da ke zama ya rubuta IEP ma ya bambanta, a New York CSE ne a Texas ARD. Ki tambaya ya taɓa riƙe yaro mai irin larurar naki, don wanda ya ƙware kan disleksiya ba lalle ya san kan yaro mai otizim da ba ya magana ba. Ki tambaya ko har yanzu yana karɓar wani aiki daga distirik ɗin, in eh ne ki yi tunani sau biyu. Ki ce ya haɗa ki da iyaye biyu da ya yi wa aiki, kuma ki kira su da gaske. Sai tambayar da ni na fi ba muhimmanci: a wane lokaci kake ce wa iyaye wannan ya fi ƙarfina ku nemi lauya? Wanda ya ce shi bai taɓa buƙatar hakan ba, ki yi masa godiya ki ajiye waya. Haka wanda ya yi miki alkawarin sakamako tun bai ga fayil ba, ko wanda duk hirarsa yadda ya wulaƙanta wani shugaban makaranta ne. Shi zai karɓi kuɗinsa ya wuce, ke ce za ki ci gaba da kai yaro wannan makarantar kowace safiya. Ki lura kuma ko ya tambaye ki game da yaron kansa, me yake so, me ya iya, me ke tayar masa da hankali. Kuma in kika ji yana yi miki magana kamar ba ki san komai ba don lafazin Turancinki, to a mitin ma haka zai danne ki.

Kuɗi ya danganta da gari da ƙwarewa. Yawanci da awa suke caji, a manyan birane dala ɗari ko fiye a awa ba abin mamaki ba ne, wasu suna yanke farashi ɗaya na karanta fayil da zuwa mitin guda, wasu sai kin ajiye kafin alƙalami suna cira a ciki. Ba kunya a ciniki, ki tambaya ko yana rage wa masu ƙaramin ƙarfi, kuma za ki iya ɗaukarsa na aiki ɗaya tak, ya karanta fayil ya rubuta miki abin da za ki nema ke ki je mitin ɗin da kanki. Komai dai a rubuce: nawa ne awa, ana cajin kiran waya da imel da lokacin hanya ko a'a, zai riƙa turo miki lissafi dalla dalla duk wata, me zai faru da ragowar kuɗinki in kun rabu, da sharaɗin cewa ba zai aika wa makaranta komai da sunanki ba sai kin gani kin yarda. Ki sa iyaka, ki ce in ya kai awa kaza ya tsaya ya tambaye ki. Za ki sa hannu a takardar izini kafin makaranta ta yarda ta yi magana da shi, kofi za ki ba shi na takardu, asalin ya zauna a gidanki.

Kafin mitin ku zauna ku fitar da abu uku ko huɗu da suka fi muhimmanci, ba goma sha biyar ba. Ki sanar da makaranta a rubuce cewa za ki zo da wani, doka ta ba ki damar zuwa da duk wanda ke da sani kan yaron, sanarwar ladabi ce kuma tana hana su ce an yi musu ba-zata su ɗaga zaman. Ki roƙi a turo miki rahotanni da daftarin IEP kwanaki kafin ranar. Sannan ki nemi tafinta. Dan Allah ki nema, ko da kina jin Turancin kasuwa da na wurin aiki, Turancin wannan teburin daban ne, kuma wajibi ne a kansu su tabbatar kin fahimci abin da ake faɗa, har da kawo tafinta kyauta. Ki rubuta Hausa ƙarara tun da wuri don samun mai Hausa yakan ɗauke su lokaci, sau da yawa ta waya za a haɗa ku. Kar ki yarda a mai da babbar 'yarki tafinta a kan maganar ƙaninta. Baban yara, kai ma in da hali ka ɗauki rabin yini ka zo, ko ka shiga ta waya, zaman yana canzawa in sun ga ku biyu.

Ranar mitin za ki tarar da su a jere, malamar aji, malamar ilimi na musamman, wakilin distirik, da wanda zai yi bayanin gwaji, kowa da kwamfuta a gabansa. In ɗaya daga cikin waɗanda doka ta wajabta bai zo ba, sai da yardarki a rubuce za a ci gaba. Ke za ki fara magana kan yaronki, ba adboket ba, shi nasa ya biyo baya da tambayoyi. Ga irin wurin da za ki ga amfanin kuɗinki. Za a karanto manufa kamar haka, yaro zai inganta karatunsa a wannan shekara, kowa ya gyaɗa kai. Shi kuwa zai ce tsaya, yanzu kalma nawa yake karantawa daidai a minti ɗaya, nawa ake so ya kai nan da ƙarshen shekara, wa zai auna, sau nawa za a turo wa uwarsa sakamako? Ko a rubuta horon magana gwargwadon buƙata, ya ce a'a a rubuta sau nawa a sati, minti nawa, shi kaɗai ko cikin yara nawa, a cikin aji ko a wani ɗaki. Sau biyu a sati minti 30 cikin yara uku abu ne da za ki iya ƙirgawa ki ce ba a yi ba, gwargwadon buƙata kuwa ba ki da abin kamawa. In suka ce ai yana ɗan ci gaba, a nan zai tuna musu shari'ar Endrew ta 2017, inda Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce ɗan ci gaba na jeka-na-yi-ka bai wadatar ba, dole shirin ya zama wanda zai sa yaro ya ci gaba daidai da halinsa. Ku tabo maganar motar makaranta, da mataimakiyar da ake ce wa para in yana buƙata, da karatun lokacin hutun bazara in yana mance abin da ya koya, in kuma ya doshi shekara 16 dole a sa shirin rayuwa bayan sakandare, wasu jihohin ma tun kafin nan.

Kar ki bari a hanzarta ki wajen sa hannu. Ki tambaya wannan takardar ta halarta ce ko ta amincewa, in ta amincewa ce kina iya cewa za ki tafi da ita gida ki karanta. Tarbiyyarmu ta girmama malami tana sa mu ce to a inda ya kamata mu ce ban gane ba a maimaita. Duk abin da kika nema suka ƙi, ki ce su ba ki a rubuce tare da dalili, akwai takardar sanarwa ta musamman da doka ta ɗora musu don haka, kuma sau da yawa da an ce a rubuta sai ki ga magana ta sauya. In kina son ɗaukar zaman a waya ki tambayi adboket ƙa'idar jiharku tukuna, a California misali sai kin ba da sanarwar awa 24.

Washegari ki tura gajeren imel, na gode da zama, ga abin da na fahimta mun amince, ɗaya biyu uku. In IEP ɗin ta iso ku karanta layi layi ku gwada da abin da aka faɗa, ana samun abin da ya zube a hanya. In ba ki yarda da gwajin makaranta ba kina da damar neman gwaji daga ƙwararre na waje a kuɗin distirik, su kuma ko su biya ko su shigar da ƙara su kare nasu gwajin. Bayan wata ɗaya ki tambayi yaron ko malamar, ana zuwa ɗaukarsa horon kuwa, ki nemi rajistar zaman horon, in an tsallake da yawa a nemi ramuwa. Ba sai shekara ta cika ba, duk lokacin da kika ga abu ya karkace kina iya rubutawa ki nemi a sake zama. Sabon gwaji kuma aƙalla duk shekara uku ne.

In abin ya ƙi, hanyoyi uku ne. Sulhu, kyauta ne jiha ke biyan mai shiga tsakani amma sai ɓangarorin biyu sun yarda. Ƙorafi zuwa ma'aikatar ilimi ta jiha, wannan adboket zai iya taya ki rubutawa, sai dai laifin kar ya wuce shekara ɗaya, su kuma suna da kwana 60 su ba da amsa. Sai ƙara gaban jami'in sauraro, yawanci cikin shekara biyu, kuma muddin ana shari'ar, a mafi yawan lokuta yaro yana nan inda yake ba a matsar da shi sai kin yarda. Batun kora kuma kar ki jira, in za a fitar da yaro mai IEP fiye da kwana 10 na makaranta dole a zauna a duba ko larurarsa ce ta jawo abin da ya yi ko rashin bin IEP ɗin, ranar da takardar ta zo ranar za ki kira adboket, in kuma har 'yan sanda sun shigo ciki lauya kai tsaye.

Shi kansa adboket ɗin ki riƙa auna shi. In sati ya wuce bai amsa saƙonki ba alhali mitin ya matso, ko lissafin kuɗi na hawa ba ki ga wasiƙa ko ɗaya da ya rubuta ba, ko ya fara yanke shawara da makaranta a bayanki, ki rubuta masa layi biyu cewa kin dakatar da aikin, ki nemi fayil ɗinki da ragowar kuɗinki, sannan ki aika wa makaranta cewa kin janye izinin da kika ba shi, daga yau duk wata takarda ke za a turo wa.